Ƙasar Nesa Ita Ke Fara Shiga Tukunya

Mijina ya shiga jirgin sama ya fi sau dubu goma, amma ko sau ɗaya jirgi bai taɓa tashi da shi ba. Shekara ashirin da takwas ya yi yana sharar jirage. Fasinjoji su sauka, shi da abokan aikinsa su hau da tsintsiya da tsumma, su kwashe farantai, su goge kujeru, su sauko kafin wasu su hau. Aiki ne na mutunci, da shi muka raini 'ya'ya huɗu har kowa ya kama gabansa. Inda gizo ke saƙar shi ne bakin mutumin. Tun da ya ajiye aiki, in ya baje a tsakar gidan benen da muke haya, sai ka ji ya gyara murya ya ce, "Wata rana ina cikin jirgin mutanen Shuɗiyar Wutsiya..." Kuma ba ƙarya ya yi ba, yana cikin ɗin. Abin da ba ya ƙarawa shi ne tayoyin jirgin suna ƙasa a lokacin.

Ƙasashen duniya ma ba da sunansu ya san su ba, da fentin wutsiyar jirginsu ya san su. Akwai ƙasar Shuɗiyar Wutsiya, akwai ta Farin Tsuntsu, akwai ta Tauraro Uku. Maƙwabta suka laƙaba masa Kyaftin don tsokana, shi kuwa ya karɓe sunan hannu bibbiyu. Dukiyarsa mafi daraja wani tsohon gwangwanin biskit ne, cike da katunan jerin abinci da fasinjoji ke mantawa a aljihun kujera. Kowane kati da hoton abinci, da rubutu cikin harshen da ba ya iya karantawa, da wasu lambobi a can sama.

Ni kuwa abinci nake sayarwa a bakin titi, ƙarƙashin wata tsohuwar lema da rana ta cinye kalarta. Shekara goma sha shida rana ta doke ni, ruwa ya doke ni. Shekara biyu na yi ina zarya masana'antar haɗa injinan ban ruwa da ke bayan layinmu, ina neman a ba ni kwangilar abincin ranan ma'aikatansu arba'in, don in huta da bakin titi in dinga girki a kicin ɗina. Ranar Litinin Manajar ma'aikatan, wata mace mai ɗan fara'a kaɗan da agogo babba, ta kira ni ta ce, "Mama, ranar Asabar ƙarfe goma sha biyu zan zo da injiniyoyinmu biyu. Ma'aikatanmu daga ƙasashe daban-daban suke, kuma likita ya hana su maiƙo. Abinci mai sauƙi muke so, dafaffe, ban da soye-soye. Za mu ɗanɗana, sannan in duba tsabtar kicin. In ya yi, naki ne."

Ranar Laraba santsi ya kwashe ni a gaban lemata, na faɗi a kan hannun dama. Aka ɗaure shi da filasta tun daga yatsu har gwiwar hannu, likita ya ce in dawo Asabar da safe a sake hoto. Na dawo gida na zauna bakin gado na yi kuka mai isata, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle tukunya.

Kyaftin ya tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Maman yara, kukan me kike yi? Abincin ƙasashen duniya aka ce fa. A gidan nan wa ya fi ni sanin abincin duniya?"

"Baban yara, ragowarsa ka sani."

"Ragowar abinci ba abinci ba ce? Wanda ya ga ƙarshen abu ai ya fi wanda ya ga farkonsa sani."

Ba ni da yadda zan yi. 'Ya'yanmu suna nesa, Yayarsa da ke zaune a ɗakin da ke kallon namu gwiwa ta hana ta tsayuwa. Na sa shi ya zauna, na yi masa shifta da bakina ya rubuta: ƙananan tukwane huɗu, kowane abu da tukunyarsa, kowane da mintinsa, kada a ɗora komai sai na dawo daga asibiti. Ya ninke takardar ya sa a aljihu yana gyaɗa kai, irin gyaɗa kan da na san ba ya shiga kunne.

Ranar Asabar na tashi da wuri. Na san halin mutumina, in abu ya ɗauke masa hankali mantawa yake da cikinsa, ga shi da gyambon ciki. Da hannun hagu na dafa masa dankalin turawa da ƙwai, na yayyanka yadda ya samu, na watsa albasa da gishiri, na matsa lemon tsami, na ɗiga mai cokali ɗaya, na rufe a kwano na ɗora a kan firji.

"Ga karin kumallonka nan. Kuma don Allah kada ka kunna wuta."

"Ki je ki dawo lafiya. Jirgi yana hannun masu shi."

Layin hoto ya riƙe ni har ƙarfe goma da rabi. Tun daga bakin ƙofar gida na ji wani wari da ban taɓa ji ba a shekaruna na girki, kamar an dafa kabeji da tsohon takalmi. Ina shiga na tarar da Yaya ta sa an fito mata da kujera tsakar gida, ta zauna tana fifita, ta fuskanci kicin ɗina kamar mai kallon talabijin. Telan da ke da shago a ƙasan bene yana tsaye gefenta, almakashi a hannu, baki har kunne.

"Sannu da dawowa, matar ƙanena," in ji Yaya. "Zo ki zauna, an kusa sauka."

"Yaya, me ke faruwa?"

"Auta ke zaga duniya." Shekarunsa sittin da biyu, amma har gobe Auta take ce masa.

Na kutsa kicin. Ƙananan tukwanena huɗu suna rataye a inda na bar su, ko taɓa su ba a yi ba. A kan babban murhun gas kuwa, tukunyar da nake girkin mutum ɗari ce ke ta ɓararraka. An ɗaɗɗaura igiyoyi a hannunta, kowace ta nutse cikin ruwa, kowace da kati ɗaya na gwangwanin biskit an maƙala mata da abin shanya. Kyaftin na tsaye da farar riga da muciya, gumi na bin gemunsa.

"Baban yara! Ina takardar da na sa ka rubuta?"

"Tana aljihu, lafiya lau take. Ke tsaya ki ga ilimi. A jirgi kin taɓa ganin an kawo wa mutum abinci a tukunya huɗu? Faranti ɗaya ne, komai lokaci ɗaya. To abin da ya zo tare, tare aka dafa shi. Kowace ƙasa na ɗaure ta a jakarta, Tela ya ɗinka mini da ragowar labulen raga."

Tela ya leƙo ta taga. "Ni dai ɗinki aka ce in yi, Mama. Ban san tafiya za su yi ba."

Na ja igiya ta farko da hannun hagu. Jakar ta fito a shanye, sai wani farin abu mai yauƙi a gindinta.

"Wannan fa?"

"Taliyar shinkafa ce ta mutanen Farin Tsuntsu, siririya kamar zaren Tela. Jiya na sayo a babban kanti. Ita ta fara shiga, tun bakwai da rabi."

"Bakwai da rabi? Abin da minti uku ya ishe shi?"

Ya yi dariyar tausayi, ya ciro katin ya nuna mini lambobin da ke sama. "Karanta. Sha ɗaya da ashirin. Awa goma sha ɗaya da minti ashirin ke nan a wuta, masu abin ne suka rubuta da hannunsu. Ni ma rangwame na yi mata don lokaci ya ƙure. Na daɗe da gano sirrin nan: duk ƙasar da ta fi nisa, abincinta ya fi daɗewa a wuta. Saboda haka ƙasar nesa ita ke fara shiga tukunya, ta kusa ta shiga daga baya, kowa ya sauka lokaci ɗaya."

Na nuna wata roba a kan tebur, cike da busasshen wake ƙulu-ƙulu mai tauri, irin wanda sai ya kwana a jiƙe kafin ya ji wuta.

"Shi wannan fa, me yake jira?"

"Na mutanen Tauraro Uku ne. Nan kusa suke, minti arba'in da biyar. Sai sha ɗaya da kwata zai hau."

"Bai ma jiƙu ba!"

"Ai cikin ruwa zai shiga. Ruwa ba jiƙa abu yake yi ba?"

Daga tsakar gida Yaya ta ɗaga murya. "Bar shi, matar ƙanena. Tun yana yaro in aka ce masa wuta da zafi sai ya sa yatsa ya tambaye ta."

Na so in ƙwace girkin, amma da wane hannu, kuma da wane kaya? Duk abin da na tanada ya riga ya ɗaure shi a raga. Ƙwai goma sha biyu suna ciki tun ƙarfe takwas. Kabeji da karas tun tara. Wasu ƙulle-ƙullen fulawa da niƙaƙƙen nama a ciki, waɗanda ya kwaikwaya daga hoton wani kati, sun shiga tara da rabi. Ina cikin lissafin asarar sai na ga ya ɗauko jaka ta ƙarshe kafin ta wake, cike da wani jan tushe mai kama da albasa da ake ce wa bitrut, ya yanka shi gutsi-gutsi.

"Kada ka sa wannan! Rini yake yi!"

"Mutanen Shuɗiyar Wutsiya ba sa cin abinci sai da shi. In ba su gan shi ba za su ce an raina su."

Tsulum. Kafin in rufe baki ruwan tukunyar ya koma ja, sannan ya koma ruwan hoda, irin kalar rigar jarirai.

"Ka gani ko?" na ce.

"Kala ce ta zamani," in ji shi, amma na ga ya ɗan sosa ƙeya. Ya zura muciya ya juya da ƙarfi, wai don kalar ta tsaya wuri ɗaya. Muciyar ta sarƙe da igiyoyin. Ya fizga, sai muka ji ɓarat, ɓarat. Ɗinkin Tela ya buɗe. Ƙwai suka taso sama suna iyo, ƙullin fulawa suka fashe suka saki namansu, kabeji ya bi su, taliyar da ta riga ta narke ta haɗe kowa da kowa.

Tela ya juya ya sanar da mutanen gida da suka fara leƙowa daga saman bene: "Jama'a, an buɗe iyaka! Kowa ya shiga ƙasar kowa, babu biza!"

"Ɗinkinka ne ba shi da aminci!" Kyaftin ya daka masa tsawa.

"Kyaftin, labule ka ba ni. Labule taga ya sani, bai san tukunya ba."

Sha ɗaya da kwata daidai, don shi mutum ne mai kiyaye lokaci, ya juye busasshen waken a kai, ya danna murfi, ya ƙure wuta don a cike gibin da aka yi. Na ce masa fulawa da rufaffen murfi ba sa shiri. Ya ce a jirgi ana rufe ƙofa kafin a tashi. Minti biyar ba a yi ba murfin ya fara rawa, kumfa ruwan hoda ta ɗago shi, ta gangaro ta gefe, ta kashe rabin wutar, ta bi ƙasa ta fita ta ƙarƙashin ƙofa har gaban kujerar Yaya. Da ya ɗaga murfin kuwa, tukunyar ta yi wani aman da ya kai bango, ya kai taga, ya kai silin. Farar rigarsa ta koma ta 'yan rawa.

Yaya ta ɗage ƙafafunta. "Auta, wannan wace ƙasa ce ta iso wurina? In gaishe ta."

Ni dariyar ba ta zo mini ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon kicin ɗin da na yi kwana uku ina sa shi ya goge, na tuna lemata da santsin da ya kayar da ni, na ji hawaye na neman zubowa. Zaryar shekara biyu, ga ta nan tana bin rariya.

Ƙarfe goma sha biyu cif mota ta tsaya. Manaja ta shigo da injiniyoyi biyu baƙi, wani dogo siriri mai yawan sunkuyar da kai, da wani kakkaura mai tabarau. Sun daɗe a ƙasar nan, suna jin harshenmu daidai na gaisuwa da ciniki. Na yi niyyar in tare su in faɗi gaskiya in ba da haƙuri, amma Kyaftin ya riga ni. Ya janyo ƙofar kicin ya rufe, ya zaunar da su a teburin da muka shirya a inuwar tsakar gida, ya ajiye wa kowa faranti mai gida-gida irin na jirgi da ya sayo a kasuwa. Gida biyar kowane faranti, kuma abu ɗaya ne ruwan hoda a duka biyar ɗin.

"Barkanku da shigowa," ya ce, ya haɗa ƙafa. "Kyaftin ke magana. Yau za mu ratsa ƙasashe biyar. A gyara zama."

Manaja ta dubi farantin, ta dube ni, ta dubi filastar hannuna.

Dogon ya ɗebi cokali ɗaya ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa, sannan ya sunkuyar wa Mai Tabarau da kai cikin ladabi. Mai Tabarau shi ma ya ɗiba, muka ji ƙaras, haƙorinsa ya gamu da waken Tauraro Uku. Ya runtse ido ya haɗiye, ya yi wa Dogo murmushi. Haka suka yi ta ci a hankali, kowa na gyaɗa wa ɗan'uwansa kai, har na fara tunanin ko mijina ya san wani abu da ban sani ba. Shi kuwa ƙirji ya fito, yana harar Tela ta gefen ido.

Can Dogo ya ajiye cokali ya ce wa abokinsa, "Abincin ƙasarku... yana da ƙarfi sosai."

Mai Tabarau ya zaro ido. "Ƙasarmu? Ni na ɗauka na ƙasarku ne. Don kada ka ji haushi nake ci."

"Ni ma don kai nake ci!"

Saman bene ya kwashe da dariya. Mai Tabarau ya soki ƙwai da cokali mai yatsu, ƙwan ya zille, ya yi tsalle daga tebur, ya buga ƙasa ya sake tashi, ya gangara har ƙarƙashin keken ɗinkin Tela bai fashe ba.

"Baba," in ji Manaja, "wannan a wace ƙasa ka ci shi?"

Kyaftin bai karaya ba. Ya zaro katin Farin Tsuntsu ya miƙa. "Ranki ya daɗe, ga shaida. Gidan farko taliyar waɗannan mutanen ce. Awa sha ɗaya da minti ashirin suka rubuta, ni huɗu da rabi kawai na samu, shi ya sa ba ta gama nuna ba."

Dogo ya karɓi katin, fuskarsa ta washe. "Wannan rubutun ƙasarmu ne!" Ya bi lambobin da yatsa, ya dubi mijina, ya sake duban katin. Ya yi ƙoƙari ya riƙe dariyar, don yaro ne mai kunya, amma ta fi ƙarfinsa. "Baba, wannan ba lokacin dafuwa ba ne. Lokacin tafiyar jirgi ne, daga can zuwa nan. Taliyar minti uku ce. Ai ka sani, tun da ka yi tafiyar."

Yaya ce ta amsa, ba da mugunta ba, ita dai bakinta ba ya ajiya. "Wace tafiya, ɗan nan? Tafiyar Auta mafi nisa daga ƙofar gaba ta jirgi ce zuwa ƙofar baya, da tsintsiya."

Kowa a gidan ya san haka, amma ba a taɓa faɗa a gabansa ba. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Haushin da nake ji ya tafi, tausayinsa ya kama ni, don shekara talatin da biyar nake tare da mutumin nan ban taɓa ganin ya rasa amsa ba sai ranar.

Manaja ta miƙe ta dubi agogonta. "Mama, abinci dai kin gani. Bari in duba kicin in cika takardata, ƙarfe ɗaya muna da taro." Ta tura ƙofar, ta tsaya. Wani ɗigo ruwan hoda ya faɗo daga silin ya sauka a kan takardar. Ta rufe biro.

Sai na ji muryar mijina, ƙasa-ƙasa, ba irin ta Kyaftin ba.

"Ranki ya daɗe, laifin nan nawa ne, ba nata ba. Ita asibiti ta je. Girki ban iya ba, yau na sani. Amma ki ba ni minti ashirin da biyar."

"Ka yi me da su, Baba?"

"Aikina. Jirgi mai kujera ɗari uku minti ashirin da biyar ake ba mu."

Ta dubi bangon, ta dubi silin, ta ɗan taɓe baki. Ta ɗaga agogo. "Na fara ƙirgawa."

Ya tuɓe rigar ya yar. Ban taɓa ganinsa a bakin aikinsa ba, sai ranar. Ba surutu, ba waiwaye. Ya fara daga sama ya yo ƙasa, daga ƙuryar ɗaki ya yo ƙofa, tsumma ɗaya a kowane hannu, jiƙaƙƙe a dama busasshe a hagu, inda ya wuce ba ya komawa. Ya ce da Tela, "Bokiti biyu, ɗaya da sabulu," Tela ya ruga ba musu. Manaja na tsaye a bakin ƙofa, ido ɗaya a kansa ɗaya a agogo.

Ni kuma na ga baƙi zaune da yunwa a gidana, abin kunya. Na tuna da kwanon da ke kan firji. Kamar yadda na zata, ko buɗe shi bai yi ba. Na ɗauko na ajiye musu, na ce, "Ku yi haƙuri, karin kumallon maigidana ne, da hannun hagu na yi. Ku ɗan goge baki."

Mai Tabarau ya ɗebi dankalin da ƙwai ya kai baki. Ya daina motsi. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Mama, wa ya koya miki wannan? Haka kakata take yi. Dankali, ƙwai, albasa, ɗan tsami. Wannan na ƙasarmu ne."

Dogo ya ɗanɗana ya girgiza kai. "A'a. Namu ne. Mahaifiyata ta fi dama shi kaɗan, amma namu ne."

"Ku da shinkafa kuka sani!"

"Ku kuma komai sai kun rina shi ja!"

Suna musu suna kai loma, har Manaja ta miƙo hannu ta baya ta karɓi cokali, kada a cinye ba ta ɗanɗana ba. Ta tauna, ta sake ɗiba.

Minti ashirin da uku mijina ya fito ya tsaya gefen ƙofa, yana haki. Manaja ta shiga. Ta shafa yatsa a saman firji, ta leƙa bayan tukunyar gas, ta ɗaga murhu ta duba ƙarƙashinsa, ta sa ƙafa a kujera ta duba kan kabad. Ni mai kicin ɗin ban taɓa ganinsa haka ba tun ranar da muka tare.

Ta fito ta buɗe biro. "Mama, yaushe za a cire filastar?"

"Mako uku, in ji likita."

"To ranar Litinin ɗin da ta biyo baya ki fara. Gwajin wata ɗaya, in ya yi mu sa hannu na shekara. Wancan dankalin ya shiga jerin abinci." Ta juya ga mijina. "Amma da sharaɗi, kuma rubutawa zan yi. Baba shi ne mai wanke-wanke da shirya farantai. Tsakaninsa da wuta taku uku."

"Ki sa biyar," in ji Yaya.

Na zauna a kan bokitin Tela ina hamdala, hawaye na zuba ina dariya. Lemar nan sai dai ta tsufa a bayan ƙofa, ba ni ba ita.

Da baƙin za su shiga mota, na ga mijina ya ja Dogo gefe. Ya ɗauka ba na ji.

"Ɗana, in tambaye ka mana. Da gaske ne in jirgi ya yi sama, gidaje kamar kwalin ashana suke komawa?"

"Gaskiya ne, Baba. Har ƙasa da haka."

"Haka na yi ta ji," ya ce. Ya daɗe yana kallon motar har ta sha kwana.

Na ce a raina yau dai an gyara mini miji. Ina! Kafin rana ta yi sanyi na jiyo shi a ƙofar shagon Tela, ya sake wanka ya sa wata rigar, ana ta ba da labari.

"Ka ga yadda injiniyoyi biyu suka kusa dambe a kan karin kumallona? Ai ilimin nan nawa yana nan daram, lissafi ne kawai ya ɗan goce." Ya hango ni ya ɗaga murya. "Maman yara! Dankalin nan minti nawa ya yi a wuta?"

"Ashirin."

"Ka ji ko, Tela? Minti ashirin. Ba na faɗa ba? Abincin wata ƙasa ce ta nan kusa-kusa."

"Kusa ƙwarai, Kyaftin," na ce. "Taku biyar ce daga inda aka ce ka tsaya. Zo ka ɗauki tukunyar nan ta mutum ɗari, har yanzu akwai ƙasashe biyar manne a gindinta."